Neman shawara: reported speech da su who da which sun tsaya mini a wuya

Maman Ilham, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah malaman Turanci da ke cikinmu ku taimaka mini. Na gama sakandare da daɗewa, aure da reno suka sa na ajiye karatu. Yanzu maigida ya amince in koma, kuma aikin jinya nake so, amma ba ni da kiredit a Turanci, shi ya sa zan zauna WAEC ta 'yan waje. Ina zuwa lesin da yamma idan na tashi daga kan keken ɗinki.

Abu biyu ne suka hana ni sakat. Na farko reported speech, inda za a ba ka maganar wani yadda ta fito daga bakinsa, a ce ka ba da labarinta. An ba mu Musa said, "I will come tomorrow." Na rubuta Musa said he will come tomorrow, malam ya ja jan biro a kai. Na biyu su who, which da whose. Na rubuta The man that I spoke to him is my neighbour, nan ma jan biro. Ajin a cike yake, ba a samun damar tambaya. Na haddace teburin yadda kalmomi ke canjawa da aka rubuta mana a allo, amma da na ga jimla sai kaina ya kulle. Yaya zan riƙa gwaji a gida? Lokacina bayan isha'i ne kawai, idan yara sun yi barci.

Baban Khalifa, Kawo

Wa'alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya ba da sa'a, kin yi azama mai kyau. Turanci nake koyarwa a sakandare, kuma waɗannan jimloli biyu naki kusan kullum sai na gan su a littafin ɗalibaina. Ki kwantar da hankalinki. Hausa ce take miki jagora a ƙarƙashin Turancin, idan kin gane inda harsunan biyu suka raba hanya an wuce wurin.

Mu Hausawa idan muna ba da labarin maganar wani, ba ma taɓa lokacin aikatau. Musa ya ce "zan zo", mu ce "Musa ya ce zai zo", ko bara ya faɗa. Bature kuwa, da zarar ya fara da said, sai ya ja aikatau baya taki ɗaya. Will ta koma would, can ta koma could, is ta koma was, have ta koma had, went ta koma had gone. Ita kuwa tomorrow, wannan kin riga kin iya ta. Idan kina ba da labarin abin da ya faru makon jiya ai ba za ki ce "ya ce zai zo gobe" ba, cewa za ki yi "washegari". Haka tomorrow take komawa the next day, yesterday ta koma the day before, today ta koma that day, here ta koma there. Amsar da malaminku yake nema ita ce Musa said he would come the next day.

Jimlarki ta biyu kuma, a Hausa dole mu ce "mutumin da na yi magana da shi". Idan kika cire "shi" jimlar ta karye. A Turanci that ta riga ta tsaya a madadin mutumin, don haka him ba ta da wurin zama: The man that I spoke to is my neighbour. Duk lokacin da kika gama rubuta irin wannan, ki koma ki duba ko him, her, it ko them ta biyo ki a baya tana nufin mutumin ko abin da aka riga aka ambata. Idan kin gan ta, ki goge.

Anti Nas, Unguwar Rimi

Ƙanwata, ni a asibiti nake aiki, kuma ina so ki sani wannan abin zai bi ki har bakin gadon mara lafiya. Idan za mu miƙa aiki ga masu karɓar mu, da Turanci muke rubuta rahoto. Mara lafiya ta ce miki da Hausa tun safe take amai, ke kuma ki rubuta The patient said she had been vomiting since morning. Don haka ki koye shi da zuciya ɗaya.

Shawarata, ki sayi littafi ɗan ƙarami ki ajiye kusa da kekenki. Duk kwastomar da ta zo ta faɗi magana, ki riƙe ɗaya ko biyu. Wata ta ce ranar Juma'a za ta karɓi kayanta, wata ta ce hannun rigar ya matse ta. Da dare ki fara rubuta maganar yadda aka faɗa da Turanci, sannan ki juya ta, ki karanta a bayyane kunnenki ya ji. Jimla biyar a dare ta ishe ki. Haddar tebur kaɗai tamkar mutum ya haddace awo ne bai taɓa taka keke ba.

Abban Sadik, Barnawa

Ni dai ban yarda a raina tebur ba. Mu da shi muka ci jarrabawa. A zauren jarrabawa babu lokacin dogon tunani, wanda ya haddace shi ke saurin gamawa. Ta liƙa shi a bango ta riƙa bita kullum.

Baban Khalifa, Kawo

Alhaji, ba a ce ta jefar da shi ba, yana da amfaninsa. Amma ita da bakinta ta ce ta haddace, kuma bai fisshe ta ba. Teburin ba ya gaya maka wa ke magana da wa. Idan Amina ta ce wa Bala "I have your book", sai ka san littafin na Bala ne kafin ka rubuta Amina told Bala that she had his book. Wannan sai da gwaji. Ku lura kuma da told: dole a ambaci wanda aka gaya wa. Ana cewa she told me, ba a cewa she said me.

Ummi, ɗalibar KASU (Jami'ar Jihar Kaduna)

Anti Maman Ilham, ga inda ya fi kayar da mutane, wato tambaya. Idan an juya tambaya ta daina zama tambaya, alamar tambaya ta tafi, kalmomin su jeru kamar na zance. "Where do you live?" ta koma He asked me where I lived. Yawancinmu where did I live muke rubutawa, kuma kuskure ne. Idan tambayar ta e ko a'a ce, sai a sa if ko whether: She asked if I had eaten. Umarni ya fi sauƙi, kalmar to ta Turanci kawai yake so: He told us to sit down, ko He told us not to shout.

Malam, ina da tambaya ni ma. Na karanta cewa idan maganar har yanzu gaskiya ce ba dole a ja ta baya ba. Haka ne?

Baban Khalifa, Kawo

Haka ne Ummi. The teacher said that water boils at 100 degrees daidai ne, domin abin bai canja ba. Haka kuma idan aka fara da says maimakon said, ba a ja komai baya. Ko jimlar Maman Ilham ta farko, da a ce yau Musa ya faɗa ta kuma maimaita yau, ba wanda zai ce ta yi kuskure a hira. Sai dai mai jarrabawa yana ɗauka cewa lokaci ya wuce, don haka a takarda ki ja baya.

Bari in cika maganar su who, don ɗazu na taƙaita. Hausa tana duba namiji ne ko mace ko jam'i: wanda, wadda, waɗanda. Mace da mota duk "wadda" muke ce musu. Turanci abin da yake tambaya shi ne mutum ne ko abu. Mutum who, abu which, that tana shiga duka biyun. Whose ta mallaka ce, kuma ita ɗalibai suka fi gudu. "Matar da ɗanta ba shi da lafiya" sai su rubuta the woman that her son is ill, alhali the woman whose son is ill ake cewa.

Sai waƙafi. My brother who lives in Zaria is a driver na nufin kina da 'yan uwa maza da yawa, na Zariyan kike warewa. Idan kika sa waƙafi kafin who da bayan Zaria, ɗan uwan ɗaya ne, zaman Zariya ƙarin bayani ne kawai. A irin wannan mai waƙafin ba a sa that.

Maman Twins, Rigasa

Ni ma ta 'yan waje na rubuta, Allah ya ba ni C6, da ita na samu shiga makaranta. Ki nemi tsofaffin tambayoyin WAEC a wurin masu sayar da littattafai a Kasuwar Gumi. A ɓangaren comprehension sukan ciro wani yanki daga labarin su tambayi grammatical name ɗinsa da function ɗinsa, wato sunansa a nahawu da aikinsa a cikin jimlar. Idan ya fara da who, which ko whose kuma yana bayanin sunan da ke dab da shi a baya, ki rubuta adjectival clause, sannan ki ce it qualifies the noun, ki faɗi sunan. Maki ne na ɓagas ga wanda ya sani. Jarida ma tana taimakawa. Ki samu Daily Trust ko da tsohuwa ce, ki ja layi a duk inda kika ga said that, ki duba aikatau ɗin da ya biyo baya.

Maman Ilham, Tudun Wada

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Anti, na fara littafin yau. Ga abin da na yi, Malam a duba mini. The woman whose dress I sewed said she would collect it on Friday. Sai kuma She asked me how much did I want.

Baban Khalifa, Kawo

Ta farko ba abin gyara, kin haɗa darasi biyu a jimla ɗaya, madalla. Ta biyu ki koma ga bayanin Ummi, did ɗin nan za ta fita: She asked me how much I wanted. Gobe in Allah ya kai mu ki kawo guda biyar, dukkansu tambayoyi, biyu daga ciki masu if.