Sam Burgess: gwarzon ƙartin gaba na Ingila, ko dare ɗaya ne ya ɗaga shi?

Ɗan Bradford:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na sake kallon wasan ƙarshe na gasar NRL ta Ostareliya na 2014, kuma ina nan a kan bakana: a zari-ruga ta 'yan 13, Ingila ba ta taɓa haifar ƙaton gaba irin Sam Burgess ba.

Ranar Lahadi ce, 5 ga Oktoba, muna tsakar hidimar Babbar Sallah. Da hantsi na shiga gidan wani maƙwabcina, tsohon Bature ɗan ga-ni-kashe-nin Bradford Bulls, ƙungiyar da Burgess ya fara yi wa wasa a 2006. Ana buga ƙwallon farko, Burgess, da ke yi wa South Sydney wasa, ya cafe ya taho a guje, ya yi gware da James Graham na Canterbury Bulldogs, shi ma ɗan Ingila. Nan take ƙashin kuncinsa na dama da na kwarmin ido suka karye. Tsohon nan ya ajiye kofin shayinsa, bai sake ɗauka ba har ya huce. Muna kallo fuskar yaron tana kumbura, idon yana rufewa, amma ya buga minti 80 cif. South Sydney ta ci 30 da 6, kofinta na farko tun 1971, shekara 43 ke nan ana jira. Aka ba shi lambar Clive Churchill ta gwarzon wasa. Da aka busa tashi ya durƙusa yana kuka, maƙwabcina ma yana share hawaye. Wane ne ya taɓa yin haka?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tambaya, to ga amsa: John Sattler, kyaftin ɗin wannan South Sydney ɗin, ya yi a 1970 da karyayyen muƙamuƙi a wasan ƙarshe da Manly. Amma shi ɗan Ostareliya ne, mu bar shi. Inda na ƙi maganarka shi ne "ba ta taɓa ba". Da gani ka fara kallon wasan nan bayan shekarar 2005.

Jamie Peacock ya ci kofin Super League, babbar gasar Ingila, sau 9, uku da Bradford, shida da Leeds. Yana da shekara 37 ya yi sallama a 2015, bayan Leeds ta haɗa kofuna uku a shekara ɗaya. Burgess kofin lig ɗaya tal ya ɗaga a rayuwarsa, kuma yana da shekara 30 ya ajiye takalmi. Ƙaton gaba ba da dare ɗaya ake auna shi ba. Aikinsa ɗaukar ƙwallo ya afka cikin ƙarti uku, ya tashi, ya koma ya tare nasu, mako bayan mako, cikin sanyin Fabrairu da taɓo. Wanda ya shekara kusan 20 yana wannan bauta shi ne babba a wurina.

Na Sidni:
Baba, da girmanka, amma Peacock bai taɓa buga NRL ba, kuma nan ne gwajin yake. Ni a Sidni nake zaune, na san yadda mutanen nan suke raina 'yan wasan Ingila. Burgess ya zo 2010 yana ɗan shekara 21, ɗan fim Russell Crowe, ɗaya daga masu ƙungiyar South Sydney, shi ya lallaɓo shi. Kafin a je ko'ina ya zama wanda abokan hamayya suke shirya masa tun farkon mako. Ba ƙarfi kaɗai ba: yana iya miƙa ƙwallo ana riƙe da shi, yana da ƙafa, yana buga gaba-gaba yana kuma buga lamba 13. Ku nemi wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2013 a Wembley. Ingila ta sha kashi 20 da 18 a hannun Niyuzilan, Shaun Johnson ya zille a daƙiƙun ƙarshe, amma Burgess aka zaɓa gwarzon wasa duk da an ci su. Wannan ba dare ɗaya ba ne.

Baban Yara:
Idan NRL ce ma'auni, Adrian Morley ya riga shi: ya ci kofin da Sydney Roosters a 2002, ya zo ya ci na Ingila da Bradford a 2005. Malcolm Reilly kuwa sau biyu ya ci da Manly, 1972 da 1973, kuma yana cikin tawagar Birtaniya da ta doke Ostareliya a gidanta a 1970. Burgess ne ya ja Ingila a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2017 a Brisbane, aka ci su 6 da nema.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni ban san lissafin kofuna ba, ɗana ne ke buga wasan a makaranta, shi ya jawo ni. Amma na yi shekaru a ɗakin taimakon gaggawa, kuma abin da Ɗan Bradford ke kira jarumta, ni gabana yake faɗuwa in na gani.

Ƙashin da ke ƙarƙashin ido siriri ne ƙwarai. In ya fashe, naman da ke juya ido kan iya maƙalewa a tsagar, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Jini kan iya taruwa a bayan idon ya danne jijiyar gani, kuma in ba a buɗe da wuri ba, idon ya tafi. Mukan hana majiyyaci ko fyace hanci, don kada iska ta shiga fatar ido. Na taɓa karɓar wani saurayi da ya yi fyacen a hanyar zuwa, fatar idonsa ta hau kamar an hura balan-balan, in ka taɓa sai ka ji tana ƙaras-ƙaras. To mai irin wannan rauni aka bari ya ci gaba da karo da mutane masu kilo 110 har minti 80. Kuma dukan da ya fasa ƙashi, ba ya wucewa bai girgiza ƙwaƙwalwa ba.

Ban zargi Burgess ba, saurayi ne ɗan shekara 25 a ranar da ya fi jira a duniya, ba zai taɓa cewa a fitar da shi ba. Shi ya sa ba a barin hukuncin a hannun ɗan wasa. Damuwata yara. Ɗana ya nuna min wannan bidiyon yana murna, ya ce haka maza suke. Shekararsa 14.

Ɗan Bradford:
Anti, wallahi na ji maganarki, kuma ta taɓa ni. Amma ki san wane ne yaron. Mahaifinsa Mark ya rasu a 2007 da ciwon shanyewar jijiyoyi, kuma Sam yana saurayi shi ke ɗawainiya da shi a gida, ga wasa a Bradford. A shekarar ne ya fara yi wa Birtaniya wasa, ya yi wa Fuifui Moimoi na Niyuzilan karon nan da har yau ake yaɗawa. A wasan 2014 ƙannensa tagwaye, George da Tom, suna cikin fili tare da shi, George har ya dire ƙwallo a bayan layi. Kuma ya riga ya sa hannu zai koma zari-ruga ta 'yan 15, yana ganin wasansa na ƙarshe ke nan a Souths, wato South Sydney. Yaya za ki ce da wannan ya fito?

Anti Nas:
Haka zan ce masa, ƙanena, kai tsaye, ko zai ji haushina shekara 10. Su ma masu gasar sun gane. Tun 2022 akwai likita mai zaman kansa da ke kallon talabijin yana da ikon fitar da ɗan wasa, daga 2023 kuma duk wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta bugu sai ya huta kwana 11. James Graham ɗin da suka yi gware da shi ya fito fili ya yi bayanin abin da hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna bayan ya daina wasa. Ba ni na ƙirƙira ba.

Ɗalibi:
Yayyena, ni sabon shiga ne, a YouTube na san wasan. Na ga ana cewa Burgess ne ya jawo wa Ingila kunya a kofin duniya na 2015. Gaskiya ne?

Na Sidni:
A'a ƙanena, zalunci ne. Wancan wasa ne daban, na 'yan 15. Ya koma ƙungiyar Bath ta Ingila a ƙarshen 2014 bayan an yi masa tiyatar fuska. Ƙungiyarsa ta mai da shi cikin ƙartin gaba, shi kuwa kocin Ingila Stuart Lancaster ya sa shi a tsakiyar 'yan baya, bai ma cika shekara da fara koyon dokokin ba. A wasansu da Wales a Twickenham, lokacin da aka canza shi Ingila na gaba 25 da 18. Bayan fitarsa aka ci su 28 da 25. Ostareliya ta ƙarasa su 33 da 13, suka fita tun a rukuni a gidansu, aka rasa wanda za a ɗora wa sai baƙo. Kafin shekarar ta ƙare ya koma Souths.

Baban Yara:
A nan kam muna tare, an ci amanar yaron. Amma shekarar nan da ya ɓatar tana cikin lissafi, haka dakatarwar da ya sha saboda zafin kai. Sannan ku haɗa maganar Anti da tawa, abu ɗaya ne. Salon da ya sa kuke son sa shi ya cinye shi. Kafaɗar hagu ce ta tilasta masa ajiye wasa a Oktoban 2019. Peacock lokacin da ya cika shekara 30 ko rabin kofunansa bai tara ba.

Ɗan Bradford:
Baba, na janye "ba ta taɓa ba", don ban ga Reilly da idona ba, kuma tsawon zamanin Peacock ba abin musu ba ne. Amma in aka ce gobe akwai wasa ɗaya da Ostareliya, kowa yana kan ganiyarsa, a ba ni mutum ɗaya, Burgess na 2013 da 2014 zan ɗauka ban yi shawara da kowa ba. Anti, ranar Asabar zan zo kallon wasan yaran. Ki bar ni da ɗanki, ni zan gaya masa cewa in kai ya bugu, fita ake yi.

Anti Nas:
Allah ya kai mu. Ƙarfe 10 suke farawa, ka taho da rigar sanyi.