Taƙaitawa kan saita taimin na tsohuwar tarakta

'Yan uwa makanikan Gombe, ga abin da aka tattauna kan saita taimin, wato lokacin da ake fesa gas cikin injin, a tarakta Massey Ferguson mai injin Perkins.

An yi ittifaƙi:
1. A juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, bawul biyu a rufe, a daidaita alamomin giyoyi.
2. A sassauta notuna uku na famfon gas, layin jikinsa ya hau kan na murfin giyoyin, a ɗaure, a fitar da iska daga bututun gas.
3. Farin hayaƙi da wuyar tashi, taimin ya makara. Ƙwanƙwasa mai ƙarfi, ya yi gaba.

Inda aka rabu: wasu na saitawa da kunne. Mafi yawa sun ƙi, ni ma haka, don zarcewa na iya ƙona fistin. Wasu sun ce a fara gwada nozul (bakin da ke fesa gas) da filta tukuna.