Shuɗin allo bayan sabunta antibairas: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai shagon buga takardu, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar da nake buga wa ɗalibai furojet da ita ta shiga yi min shuɗin allo tun da antibairas ɗina ya sabunta kansa. Da na soka filash sai allon ya koma shuɗi, ta rubuta SYSTEM_SERVICE_EXCEPTION, ta mutu ta sake tashi da kanta. In ban sa filash ba tana iya wuni lafiya lau. Yaron da ke min gyara ya ce fomatin kawai za a yi, ni kuwa aikin mutane ne cike a cikinta. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai gyaran kwamfuta, Beirut Road, Kano

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dakatar da yaronka tukuna, kuma yau ɗin nan ka kwashe aikin mutane ka ajiye a wani wuri.

Antibairas ba irin su Word ba ne. Yana da direbansa, wata 'yar manhaja da ke zaune can cikin kanel, wato zuciyar Windows, kamar maigadi a bakin ƙofa: duk fayil ɗin da za a buɗe ko a rubuta sai ya bi ta hannunsa. In Word ya rikice, shi kaɗai yake rufewa. Amma direban kanel in ya taɓa wani ɓangare na ram da ba nasa ba, Windows da kanta take tsayar da komai, don kada ta ci gaba da rubuta shirme a kan had dis. Shi ya sa naka yake tashi lokacin sa filash, lokacin ne maigadin yake fara bincike.

An kawo min wata laftof mai irin wannan ciwo. Na danne Shift na taɓa Restart, na bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, na danna 4 ta shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kaɗai. A can na sa filash na cire, ko gezau, domin Safe Mode ba ya loda yawancin direbobin da ba na Windows ba. Sai na buɗe fayilolin da ke C:\Windows\Minidump, inda Windows ke ajiye bayanin kowane faɗuwa, da ƙaramar manhajar BlueScreenView, na ga sunan wani fayil na direba mai ƙarewa da .sys yana ta maimaituwa a kowane faɗuwa. Ashe na antibairas ɗin gwaji ne da ya zo da laftof ɗin daga kanti, wa'adinsa ya ƙare, mai ita ya ɗora wani a kai bai cire na farko ba. Ina cire tsohon ta warke.

Abu ɗaya: in ka ga ntoskrnl.exe kaɗai, kada ka ɗora masa laifi. Kanel ɗin ne da kansa, kusan kullum sunansa yana fitowa. Manhajar WinDbg ta fi zurfafa bincike, ka buɗe fayil ɗin Minidump a cikinta ka rubuta !analyze -v.

Malamar makaranta, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Tawa Windows ɗin ta Faransanci ce, don haka 'yan Nijar ku nemi Mode sans échec, shi ne Safe Mode ɗinmu. Ni abin da ya wahalar da ni daban ne. Na cire antibairas ɗin ta hanyar da aka saba, sunansa ya ɓace daga jerin manhajoji, amma shuɗin allon bai daina ba, ga sakamakon jarrabawar ɗalibai ina haɗawa. Ƙanena ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni, da ikon admin ya rubuta fltmc, sai ga sunan direban antibairas ɗin zaune daram a cikin jerin direbobin da ya fito. Manhajar ta tafi, direban bai tafi ba. Daga shafin kamfanin ya sauko da wata 'yar manhaja ta musamman da suka yi don share ragowar, ya kunna ta, muka sake tayar da kwamfutar, shi ke nan. Ya ja min kunne cewa a wannan jerin akwai na Windows kanta, irin su WdFilter da FileInfo, kada in kuskura in taɓa su.

Mai shagon buga takardu, Zariya

Allah ya saka da alheri, Malama da Injiniya. Na duba, foldar Minidump ɗin babu komai a ciki. Me ke nan?

Ma'aikacin sashen kwamfuta, Kaduna

Alhaji, in kana amfani da manhajojin nan masu share datti, sukan kwashe waɗannan fayiloli. Ka shiga Advanced system settings, sashen Startup and Recovery, ka zaɓi Small memory dump, ka cire alamar Automatically restart. In ta sake faɗuwa allon zai tsaya, ka ɗauki hotonsa da waya, wani lokaci sunan direban yana rubuce a ƙasa.

Wannan ciwo ba na ƙananan shaguna kaɗai ba ne. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura sabuntawa mai matsala ga manhajarsa ta tsaro mai suna Falcon, Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya a ƙasashe da dama. Direban Falcon ɗin ya yi tsammanin bayanai 21, aka ba shi 20, ya miƙa hannu inda babu komai. Kamfanin ya janye fayil ɗin cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, amma da yawa daga cikin kwamfutocin da suka riga suka faɗi ba sa iya tashi balle su karɓi gyara. Dole aka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, a shiga Safe Mode a goge fayil mai farawa da C-00000291.

Mu ba ma amfani da manhajarsu, abin bai taɓa mu ba, amma daga ranar muka canza tsari: sabuntawar antibairas sai ta kwana a kan 'yan kwamfutoci kaɗan kafin mu sake ta ga sauran. Kuma na taɓa tsayawa cak a gaban laftof ɗin wani oganmu da antibairas ya kayar, ina son shiga Safe Mode ta ce sai na sa mabuɗin BitLocker mai lamba 48, wato makullin da Windows ke kulle had dis da shi. Allah ya taimaka yana cikin asusunsa na Microsoft. Duk mai sabuwar laftof ya nemo nasa ya rubuta a takarda tun tana lafiya.

Ɗalibi, Sakkwato

Yayyena ku yi haƙuri in sa baki. Ba kowane shuɗin allo ne na antibairas ba. Tawa ta nuna sunan direban antibairas sau ɗaya, aka cire shi, ta ci gaba da faɗuwa, yau wannan suna gobe wancan, har a Safe Mode ma. Na rubuta mdsched, umarnin Windows na gwajin ram, na gwada ram ɗin, sai ga kurakurai. Tsohon ram ne da na ƙara mata. Na zare shi, ban sake ganin shuɗi ba.

Mai gyaran kwamfuta, Beirut Road, Kano

Ƙanena ka yi gaskiya, kuma alamar da ka kawo ita muke dubawa. Suna ɗaya yana maimaituwa kuma Safe Mode lafiya, direba ne. Sunaye suna canzawa har a Safe Mode, ka zargi ram, ko zafi, ko had dis.

Wasu za su ce ku kunna Driver Verifier, manhajar Windows ta gwada direbobi. Yana kama mai laifi, amma da gangan yake matsa wa direbobi har kwamfuta ta faɗi, wani lokaci ta ƙi tashi sam. Wanda ya kunna ya maƙale, ya shiga Safe Mode ya rubuta verifier /reset. Ban ba wanda ba aikinsa ba ne shawarar taɓa shi.

Alhaji, na san tsoronka kada ka cire antibairas filashin ɗalibai su cika maka kwamfuta da bairas. In Windows 10 ko 11 kake da ita, Defender, antibairas ɗin da ke zuwa da Windows, yana komawa bakin aiki da kansa da zarar ka cire wancan, ka leƙa Windows Security ka tabbatar. In kuwa Windows 7 ce, Microsoft ta daina kula da ita tun Janairu 2020, sababbin antibairas da yawa sun daina tallafa mata. Ka faɗa mana wacce ce a kan taka, ka turo hoton allon in ta sake yi.