Bushin da aka fere a wajen tana: ya fi na kasuwa, ko ganganci ne?

Mai tana, Panteka ta Kaduna: Assalamu alaikum. Ni dai ina kan bakana: duk bushin ƙafar mota, wato robar nan da ke zama a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe, da ake sayarwa a kwali yau, in dai ba na kamfanin motar ba ne, wanda zan fere maka a injina na tana, wato injin fere ƙarfe, ya fi shi. Kawo mini hannun ƙarfen da tsohon bushin, in auna ramin, in yanko sandar Delrin, wani filastik mai tauri, ko ta foliyuritan, mai kama da roba, in fere ta daidai, in huda tsakiya in zura mata bututun ƙarfe. Na kasuwa damina ɗaya robarsa ta tsattsage. Mai ja ya fito.

Direban tasi, Kano: Wa alaikumus salam. Wallahi ina bayanka, Malam. Corolla ce da ni ta 2005. Na sa sabon bushin lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe tayar gaba, ba a je ko'ina ba ta koma ƙwanƙwasa, in na taka birki sitiyari ya fizge gefe, taya kuma tana cin ciki. Da aka ciro shi robar ta rabu da ƙarfen gaba ɗaya, da yatsa kake tura ta. Shi ya sa da yawanmu muka koma wa na taya, wanda ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota.

Tsohon bakaniken Peugeot: 'Ya'yana, ku bi a hankali. Tun zamanin da ake harhaɗa 504 a Kaduna nake ƙarƙashin mota. Cewa jabu ya cika kasuwa gaskiya ne, ba mai musu. Amma mai tana ya haɗa abu biyu da aikinsu ba ɗaya ba ne. Bushin kamfani ba ya juyawa a kan bolti. Robarsa an gasa ta ne ta manne da bututun ciki da gwangwanin waje, to in ƙafa ta hau ta sauka, robar ce ke murɗewa ta dawo, babu abin da ke gogar wani. Shi ya sa ba ya neman giris. Shi ya sa kuma ba a ɗaure boltinsa ƙarshe sai mota ta sauka daga jak, nauyinta ya zauna a kan tayoyi. Direba, ka tambayi wanda ya sa maka: a sama ya ɗaure ko a ƙasa? In a sama ya ɗaure, ƙafa tana reto, to tun kafin ka bar gareji robar a murɗe take, ko ta kamfani ce ba za ta yi ƙarko ba. Ka kuma duba ko baƙin mai na ɗiga a kanta, don mai yana kumbura roba ya ruɓar da ita.

Direban tasi, Kano: A kan jak ya ɗaure, Baba, ina tsaye.

Injiniya, Zariya: Baba ya taɓo inda maganar take. Bari in ƙara da motar direba, tunda ita ce a gabanmu. Lowa am ɗin gaban Corolla ɗin nan bushin biyu gare shi. Na gaba a kwance yake, hannun yana juyawa a kansa. Na baya, babban nan, a tsaye yake, boltinsa daga ƙasa zuwa sama. Ke nan in taya ta hau, hannun ba zagaya boltin yake yi ba, lanƙwasa robar yake. Ramukan nan da kuke gani a jikin robar da gangan aka bar su, don ta yi taushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata, taya ta ɗan ja baya in ta daki bakin rami. Har akwai alamar yadda ake fuskantar da su wajen matsawa. Ka cusa Delrin a wannan wurin, abin da ba ya lanƙwasa ko kaɗan, ina motsin zai tafi? Sai ya koma kan hannun ƙarfen, da kunnen da ke riƙe da shi, da boltin. Ƙarfe kuwa in ana lanƙwasa shi kullum gajiya yake yi ya tsage. Bushin guringuntsi ne a gwiwar mota, an yi shi ne ya ci wahala a madadin ƙashi.

Mai tana, Panteka ta Kaduna: Yallaɓai, ban ce a sa Delrin ko'ina ba. Foliyuritan fa? Ai yana da taushi.

Injiniya, Zariya: Da farko "duk bushin" ka ce, Malam, a nan na ja. Taurin roba ana auna shi da ma'aunin Shore A. Na kamfani galibi tsakanin 60 da 70 yake. Foliyuritan da ake sa wa ƙafar mota kuwa daga 80 zuwa 95. Delrin ya wuce wannan ma'aunin ma gaba ɗaya. To ka gaya wa jama'a gaskiya, wanne ne yake feruwa a injinka?

Mai tana, Panteka ta Kaduna: Mai taurin ne. Mai taushin gudun wuƙa yake yi, kana turawa yana lotsawa, kana janyewa yana dawowa, sai ka auna ka ga ya fi abin da ka so. Dabararmu ita ce ya kwana a firiza, da safe a ɗora shi da sauri kafin ya huce, wuƙa kuma a wasa ta ta yi kaifi kamar ba ta taɓa cin ƙarfe ba. Zarensa ma ba ya karyewa, nannaɗe aikin yake, dole ka tsai da inji ka cire, kada ka kuskura ka kai hannu yana juyawa. Amma ku ma ku yi mini adalci. Bushin idon sifirin na Hilux da Hiace, da na shakul, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin, da robar da ke riƙe balans ba, sandar nan da ke rage wa mota kwanciya a kwana, waɗannan hanya ɗaya suke juyawa. Masu ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye suna dawowa su ce sun huta da canji. Wannan ma ganganci ne?

Tsohon bakaniken Peugeot: A'a, nan kam na ba ka, muddin foliyuritan ne. Sharaɗi ɗaya: bututun ciki ya ɗan ɗara bushin tsawo, don bolti ya matse ƙarfe, kada ya matse robar. In ya shaƙe ta, sifirin ba zai yi wasa ba, kunne ne zai sha.

Direban A-kori-kura, Maraɗi: Akwai abin da ba ku faɗa ba. Shi na tana tunda juyawa yake a kan bututu, sai da giris. Mu kuwa hanyarmu jar ƙasa ce da rairayi. In hunturu ya shigo, ƙura ta haɗu da giris ɗin ta zama kamar garin wasa wuƙa, sai ka ji ƙiii-ƙiii a kowane gargada, bayan nan rami ya buɗe. Nawa na sa an huda wa bolti hanyar giris, ina bugawa lokaci-lokaci, sai ya yi mini daidai. Wanda ba zai iya wannan hidimar ba, gara ya zauna a kan roba.

Yaron gareji: Oga, gafara dai, farar sandar nan da ake ce wa nailan, ba ita ce Delrin ba?

Mai tana, Panteka ta Kaduna: Ba ita ba ce, ƙanena, kama suka yi. Nailan yana shan danshi ya kumbura, abin da ya shiga daidai da rani sai ya kame da damina. Delrin ba ya shan ruwa haka, ya fi riƙe awonsa.

Wata malama mai Camry, Abuja: Ina ta bibiya, amma ku sauko inda nake. Ni yara nake kaiwa makaranta, ba tsere nake ba, ba lodi nake ba. Bakanikena ya ce na taya ya fi araha. In yarda?

Injiniya, Zariya: Hajiya, kada ki yarda a lowa am. Na taya ba manne yake da ƙarfe ba, cusa shi ake yi, ba wanda ya san taurinsa, kuma ba shi da ramukan nan da na faɗa. Zai kashe ƙara na ɗan lokaci, amma alaimen, wato saitin tayoyi, ba zai zauna ba. Ki nemi na kamfani, ko hannun gaba ɗaya na Kwatano wanda robarsa ba ta tsage ba, a ɗaure a ƙasa, sannan a kai alaimen.

Direban tasi, Kano: Injiniya, da sauƙin faɗa. Wanda motarsa ce abincinsa, in na kamfani bai samu ba ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, ajiye ta zai yi?

Tsohon bakaniken Peugeot: Ba za ka ajiye ba, ɗana. Ƙaramin na gaba, mai tana ya fere maka na foliyuritan. Babban na baya ka daure ka nemi na roba mai kyau, ko da shi kaɗai za ka iya saye a watan. Kafin a haɗa bol-joyin, wato mahaɗar hannun da ɓangaren taya, ka kama hannun ka ɗaga ka sauke da kanka, in ka ji yana cijewa a wani wuri, kada motar ta fita.

Mai tana, Panteka ta Kaduna: Na bayan ma ban sallama ba tukuna, Baba. Akwai foliyuritan na ruwa da ake haɗa kashi biyu a zuba a mazubi, ana samun mai taushi kusa da roba, ramukan ma za a iya barin su tun a mazubin. Injiniya, in na zuba ɗaya a cikin tsohon gwangwanin Corolla, za ka auna mini taurinsa kafin mu sa wa motar kowa?

Injiniya, Zariya: Zan auna. Ka haɗo da tsohon na kamfani mu gwada su gefe da gefe, mu kuma ga ko ya manne da ƙarfen ko zai saki.