Saƙon "sake kunna kwamfutarka": wa ya taɓa yin biris da shi?

Ɗalibar lissafi: Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan kwamfutata na roƙona in sake kunna ta don sabuntawa ta kammala. Kowane dare ina kashe ta, amma gari na wayewa saƙon na nan daram. Wa ya taɓa shiga wannan?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kashewa daban, sake kunnawa daban. Tun daga Windows 8, idan kin danna Shut down, zuciyar manhajar, wato kanel, da direbobin da ke kanta (ƙananan manhajojin da ke sa sassa irin su firinta aiki) ba mutuwa suke yi ba, ajiye su ake a faifai, da safe a ɗauko su yadda suke don ta tashi da wuri. Restart ne ke sauke komai a ɗora sabo. Na taɓa sa wa firinta sabon direba ta ƙi motsi mako guda, ina kashewa ina kunnawa. Restart ɗaya, sai ga takarda tana fitowa.

Mai haɗa bidiyo: Ni akasin haka na gani. Direban katin hoto, wato sashen da ke fitar da hoto a allo, yana canzuwa kwamfuta na kunne: allo ya yi baƙi sau biyu, ya dawo, shi ke nan. Sai dai ranar na bar aikin bidiyo yana fita a baya. Allon na ɗaukewa manhajar ta faɗi, aikin awa uku ya tafi, ga mai shi yana jira. Yanzu sai na rufe komai nake taɓa direba.

Mai kula da saba (kwamfutar da mutane da yawa ke aiki a kanta): A Linux, wata babbar manhaja irin Windows, abin ya fi ruɗarwa, don yana barinka ka maye gurbin fayil alhali tsohon na aiki a ƙwaƙwalwa. Na sabunta direban katin hoto, sabo a faifai, tsoho a cikin kanel, sai suka daina jituwa. Na gwada cire tsohon da umarnin modprobe -r, ya ce ana amfani da shi. Dole na sallami kowa na sake kunnawa. A Ubuntu, wani nau'in Linux, in ka ga fayil ɗin /var/run/reboot-required, kada ka yi jayayya, ka sake kunnawa.

Mai gyaran kwamfuta: Kuma ƙanwata, jinkirin ba ƙaramin abu ba ne. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke a Mayun 2017, alhali maganinta ya fito tun Maris. Waɗanda ba su ɗora shi ba ta kama. Ki shiga saitin Windows Update ki faɗa masa awannin aikinki, yana karɓar har awa 18, ba zai sake kunna ta da kansa a cikinsu ba.

Ɗalibar lissafi: Na gode Yaya. Na adana aikina, na jona caji, na danna Restart. Ta ɗan tsaya a kashi 30 har gabana ya faɗi, amma ban taɓa ta ba. Minti goma sha biyu ta dawo, saƙon ya ɓace.