Musayar waƙa: abin hannu ko jama'a?

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum 'yan uwa masu alƙalami. Maudu'in wannan makon shi ne wai me ke sa rayuwar mutum ta yi kyau, dukiyar da ya tara ko mutanen da yake tare da su da abin da ya sa a gaba. Ƙa'ida kamar kullum, ƙwar biyu, kowa ya riƙe amsa-amonsa, ba zagi ba habaici. Ni na ɗauki "ya".

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Zan tambaye ku batun zaman duniya.

Ku zo Gwammaja ku ga gidan Malam,
Aminu mai tsayawa a kan gaskiya.

Tun zamanin NEPU har zuwa PRP,
Talaka ya riƙe, ya ƙyale dukiya.

Ran da ya rasu Kano ta girgiza,
Masu kuka sun cika kowace hanya.

Yau filin jirgi da sunansa ake kira,
Da asibitin koyarwa gaba ɗaya.

Tun Afrilun 1983 ya rasu fa, gidan nasa ma yanzu cibiyar Mambayya ce ta Jami'ar Bayero, amma har gobe in ka ambaci sunansa a majalisar dattawan unguwarmu sai ka ji an yi masa addu'a. Masu kuɗi nawa aka yi a zamaninsa da yau ko jikokinsu ba a sani ba?

Ɗan Kwari:
Allah ya jiƙan Malam da rahama. Amma Yaya wlh ba zan bari ta wuce haka ba.

Na ji batunka Yaya na kuma jinjina,
Tsaya in ba ka amsa mai gamsarwa.

Kafin Malam akwai Alhasan na Bebeji,
Da goron Gwanja ya fara tasowa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano ya juya,
Ya tara dalar gyaɗa mai ban sha'awa.

Gidaje da yawa sun ci tuwo ta hanyarsa,
Fatake, dillalai da masu ɗaukowa.

Yaron da ke kuka da zazzaɓi cikin dare,
Ba ya jin lacca, magani ake nemowa.

Manzo ya ce hannun sama shi ya fi,
Mai bayarwa ya ɗara mai karɓowa.

Abdurrahman bin Auf da ya je Madina,
Kasuwa ya roƙa a yi mai nunawa.

Alhasan Ɗantata ya rasu tun 1955 shi ma ba a manta da shi ba ai, kuma har yau zuriyarsa na ɗaukar mutane aiki. Sannan mu faɗa wa kanmu gsky, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 mutane nawa ne ke son zuwa gaisuwar rasuwa Wudil ko Gwarzo amma kuɗin mota ya zaunar da su, ba don ba sa son danginsu ba, babu ce kawai, ni a kasuwa nake kullum ina ganin magidanci da furfura ya zo ya tsaya bakin shago ya kasa buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo shi, wannan ba rayuwa mai daɗi ba ce ko da duk unguwa na gaishe shi.

Inna ta Yakasai:
Ɗana na Kwari Allah shi maka albarka,
Ba wanda ke yabon zaman talauci.

Amma bari in ba ka abin da na gani,
Ran da wuta ta cinye mana kasuwanci.

Maigidana ya dawo ba ko sisi,
Rigarsa duk toka, zuciya cike da ƙunci.

Abokan cin kaza ba mu sake ganinsu ba,
Wayarsu a kashe take kowane lokaci.

Kafin magariba kwano ya shigo zaure,
Tuwo miyar kuka daga gidan maƙwabci.

Har damina ta faɗi ba su fasa ba,
Kullum yarinya na tafe da abinci.

Matan adashinmu suka ce ni zan ɗauka,
Wadda ke kan layi ta janye don zumunci.

Da shi ya kafa tebur a bakin titi,
Da shi muka tsira da sauran mutunci.

Gobarar kasuwar Sabon Gari nake nufi ta watan Maris 2016, duk ɗan Kano ya san ta. Matar nan da ta bar min ɗaukarta ba mai hali ba ce ɗana, ƙosai take soyawa da safe, kuma kuɗin kayan ɗakin 'yarta ne take tarawa an riga an sa rana, ta je da kanta ta samu dangin ango ta roƙa a ɗaga bikin, ba ta ma gaya min ba sai daga baya na ji a bakin wata. Da na je yi mata godiya tana tsugune tana wanke wake ko ɗagowa ba ta yi ba, cewa ta yi Yaya in kin sake zancen nan mun ɓata.

Ɗan Damagaram:
Inna na gaishe ki daga Damagaram,
Ni ma ina da nawa a kan zinari.

Da labarin Jado ya ɓulla muka tashi,
Ta Agadas da Dirku, cike da buri.

Jarkar ruwan sha sai ka biya da tsada,
Rana kamar wuta, dare kuwa ga ɗari.

Na samu, ban ɓoye ba, na yo kuɗɗi,
Na dawo da mota na shigo gari.

Na tarar an riga an kai Baba makwanci,
Ba ni cikin masu rakiya zuwa kabari.

Maƙwabta suka yi jinya suka yi wanka,
Su suka tsaya suka rufa asiri.

Kuɗɗin sun gina wa tsohuwa ɗaki,
Ranar ko ba ta sayuwa, sai dai haƙuri.

A 2014 ne lokacin da kowa ke rugawa can Jado, wurin haƙar zinari a arewacin Nijar. Ni dai har yanzu ban iya raba gardamar ga ba 'yan uwa, in na dubi tsohuwa ta daina tara kwanoni in ana ruwa sai in gode Allah da tafiyar, in na wuce ta maƙabarta kuma sai zuciya ta yi nauyi.

Ɗan Kwari:
Allah ya jiƙan Baba ɗan uwa, ya sa ya huta. Inna a gafarce ni zan ƙara.

Inna labarinki ya sa ni hawaye,
Amma ki dubi abin da ake aikowa.

Tuwon maƙwabci da hatsi aka tuƙa shi,
Da rumbunsa fayau me zai miƙowa?

Adashin da ya tashe ku kuɗi ne Inna,
Gumin ƙosai ne aka yi ta tarawa.

In kowa a layi ya zam ba shi da komai,
Kuka kawai za a taru ana rabawa.

Malam Bazazzage:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni malamin firamare ne, kuma kun san ko mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 da ƙyar yake kai buhun shinkafa a lokacin, to ba sai an ba ni labarin babu ba. Amma akwai ɓangaren da ba ku taɓa sosai ba, wato abin da ke tayar da mutum da asuba.

Alli a hannu na tsufa a makaranta,
Albashi ba ya kai wa ga buƙata.

Amma ran da yaron da ake cewa daƙiƙi,
Ya haɗa baƙi da wasali ya karanta,

Daɗin da na ji ban san farashinsa ba,
Har yau zuciyata ta kasa manta.

Usman ya sayi Ruma ya bar wa Musulmi,
Rijiyar da mai ƙishi ya sha ya huta.

Ƙaruna ya tara har makullai sun yi nauyi,
Ƙasa ta haɗiye shi da abin da ya killata.

Manzo ya ce ba yawan kaya ba ne arziki,
Wadatar zuci ita ce ainihin wadata.

Ɗan Kwari ka yi gaskiya sai da hatsi ake tuwo, sai dai na ga masu rumbu cike da ba su taɓa miƙa wa kowa kwano ba. Da can a ƙauyenmu in mutum ya kwanta ciwo da damina gayya ake kira, samari su fito da fartanya da mai ganga a nome masa gona kafin azahar, ladan kawai fura ce da tuwo, yanzu kuwa an fi kuɗi a garin amma in ba ka da na biyan 'yan ƙwadago sai ciyawa ta cinye maka dawa kana kallo.

Inna ta Yakasai:
Malam Allah ya biya ka. Ɗana na Kwari na dawo gare ka, don ka taɓa ce mana ka tashi daga cikin gari ka koma sababbin gidajen nan masu geti.

Na yarda da kai kuɗi ne a adashi,
Wa ya sa ta bar min, kuɗin ko aminci?

Banki na da kuɗin da ya fi na mai ƙosai,
Bai aiko ya ji ko mun ci abinci.

Can inda ka koma mai doguwar katanga,
Faɗa min sunan wanda ke maka maƙwabci.

In ka kwanta ciwo cikin tsakar dare,
Wa zai buga ƙofa ya shigo a kan lokaci?

In an yi haihuwa wa ke kai maka goro,
Wa ke tsawata wa ɗanka in ya yi rashin mutunci?

Ba don in ƙure ka na tambaya ba ɗana, so nake in ji yadda kuke yi a can don nawa yaran ma sun fara zancen tashi. Ka ba ni amsa da baiti in kun rufe shago.