Neman kalmar Hausa: burushin da ake haɗa kumfar aski da shi

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. An ba ni fassarar wani ɗan littafin koyar da sana'ar aski da za a raba wa matasa masu koyon aiki, kuma gobe da safe zan miƙa shi ga masu bugawa. Babi ɗaya ne ya tsaya mini, wanda yake magana a kan abin da Turawan Ingila suke kira shaving brush da kuma lather. Na farkon ɗan burushi ne mai gajeren mariƙi da tulin gashi, na biyun kuma shi ne abin da ake samu idan an goga burushin a kan sabulu aka yi ta juyawa ana ɗiga ruwa. Na rubuta "kumfa", amma hankalina bai kwanta ba, domin littafin ya nace cewa kumfa mai manyan ƙwayoyi irin ta wanki alama ce ta ruwa ya yi yawa, kuma reza ba za ta zame a kanta ba. Ina jin tsoron yaro ya karanta "kumfa" ya ɗauka ta wanki ake nufi, ya je ya yanki fuskar mutane.

Uwar Ɗalibai: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar "kumfa" a wurinta, ka ƙara mata siffa kawai. Ka ce "kumfar aski", sannan a farkon babin ka bayyana sau ɗaya cewa ita kakkaura ce mai sheƙi, kamar kindirmo da aka kaɗa. Aikatau ɗin ma ga shi nan, wato "kaɗa kumfa". Burushin kuwa "burushin aski".

Jikan Wanzamai: Malama, "kumfar aski" ta yi daidai, amma "burushin aski" zai kawo ruɗani. A shago idan maigida ya ce wa yaro ya miƙo burushin aski, abin da zai ɗauko shi ne wanda ake kakkaɓe gashi daga wuya da shi, ko ƙaramin da ake share haƙoran kilifa. Gara a ce "burushin kumfa". Kuma ina roƙon Malam ya kula da aikatau, domin aikin hawa uku ne, ba a gama su da kalma ɗaya. Da fari a jiƙa burushin a ruwa mai ɗumi, a yarfe shi kaɗan. Sannan a goga bakinsa a kan sabulu har gashin ya ɗauki sabulun ya yi nauyi. Daga nan ne ake kaɗawa, ko a ƙaramin kwano ko a kan gemun kansa, ana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Kada a rubuta "a danna", domin mai danna burushi har gashin ya baje shi ne yake karya gashin tsakiya, bayan ɗan lokaci sai ka ga rami a tsakiyar burushin.

Almajirin Nahawu: Ni abin da yake damuna shi ne saurin da muke yi wajen rungumar "burushi", alhali Hausa tana da hanyar ƙirar sunan kayan aiki. Daga buɗe muka samu mabuɗi, daga burga muka samu maburgi. Kamar yadda tsoro ya ba mu tsorata, fushi ya ba mu fusata, haka kumfa za ta iya ba mu "kumfata", daga nan kuma mu samu "makumfaci". Kalma ɗaya ce tak, tamu ce, kuma ta faɗi aikin abin. Ina ba da shawara Malam ya sa ta a littafin, domin littafin koyarwa ne wurin da sabuwar kalma take samun gindin zama.

Uwar Ɗalibai: Ƙirar ba ta saɓa wa nahawu ba, amma akwai matsala a rubuce. Sunan mai aiki da sunan kayan aiki karin sauti ne yake raba su, kamar makaɗi mutum da makaɗi abin kiɗa, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Wanda ya ga "makumfaci" zai iya ɗauka mutum ne. Ga shi kuma ka gina kalmar a kan aikatau da babu mai faɗarsa.

Almajirin Nahawu: To, a ce "mashafi", daga shafa.

Jikan Wanzamai: Wannan ta yi kusa da Mus'hafi a kunne, ba zan so a ji yaro yana cewa ya wanke mashafi ya shanya ba.

Almajirin Nahawu: Na janye ta, amma ban janye "makumfaci" ba. Kowace kalma akwai ranar da aka fara faɗarta. Idan mu da muka karanci harshen muna jin kunyar ƙirƙira, to, kada mu yi kuka ranar da jikokinmu suka kasa haɗa jimla ɗaya ba tare da Turanci ba. Masu sana'a abin da suka tarar suke faɗa, gyara kuwa aikin masana ne.

Jikan Wanzamai: Allah ya gafarta Malam, wanzamai ba su jira masana ba kafin su raɗa wa aska da ƙaho da zabira suna. Kakanninmu da ruwa da tafin hannu suke tausasa gashi, shi ya sa ba su bar mana sunan wannan burushin ba. Abin baƙo ne, ya zo da sunansa, kamar yadda sabulun da kake so a kaɗa ya zo da nasa daga Larabci.

Badamagare: Ku yi haƙuri in sa baki daga nan Damagaram. Faransawa suna kiran burushin blaireau, wanda shi ne sunan dabbar da ake samun gashin daga jikinta, wadda Ingilishi suke kira badger. Ina ganin Malam zai fi shan wuya a nan, domin dabbar ba ta ƙasarmu ba ce, kuma yawancin gashinta da ake sayarwa yau daga ƙasar Sin yake fitowa. Mafi kusa da ita a wurinmu shi ne dage. Dole ne a fayyace irin gashin, domin kulawar ta bambanta. Gashin wannan dabbar yana riƙe ruwa da ɗumi, na alade yana da tauri, sai an jiƙa shi 'yan mintoci kuma sai an daɗe ana aiki da shi yake laushi, na roba kuwa ba ya buƙatar jiƙo kuma ya fi saurin bushewa. Akwai kuma na doki, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa wa sojojin Ingila da Amurka cutar antaraks, wata cutar dabbobi mai kama mutane, saboda ba a tsabtace gashin ba kafin a yi burushin.

Mai Fassara: Na gode da wannan. Na alade ma ya tsaya mini, har na yi tunanin in sakaya in ce "gashi mai tauri".

Uwar Ɗalibai: Kada ka sakaya, Malam. Ka rubuta "gashin alade" ƙarara, domin mai karatu yana da haƙƙin sanin abin da zai shafa wa fuskar Musulmi. A Muhtasar na Shehu Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya, an lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne idan yanke shi aka yi, Shafi'awa kuwa suna ganinsa najasa. Hukunci na malamai ne, naka shi ne faɗin sunan abin.

Almajirin Nahawu: Ni kuma ban yarda da "dage" ba. Dabba ce daban, mai cin zuma. Kun ƙi ƙirƙirar da take daidai, kuna son aron da yake kuskure.

Badamagare: Ban ce a kira ta dage ba, cewa na yi a kwatanta ta da shi.

Mai Fassara: Dare ya yi, ga abin da na rubuta, ku duba mini: "Bayan aski, a ɗauraye burushin kumfa da ruwa mai ɗumi har sabulun ya fita daga gindin gashin, domin sabulun da ya bushe a can shi ne yake sa gashi ya karye. Kada a sa shi a ruwan zafi, domin yana sassauta gam ɗin da ya riƙe gashin a mariƙi. A matse shi a hankali ba tare da murɗawa ba, a yarfe, a ajiye shi inda iska take shiga, kada a rufe shi a jaka yana jiƙe." Na ɗauki "kumfar aski" da "kaɗa" da "burushin kumfa". Dabbar kuwa na ce "wata dabbar ƙasashen sanyi mai kama da dage", duk da tsawon jimlar.

Jikan Wanzamai: Ya yi. Ka ƙara cewa a shago ba a ɗaukar burushi daga fuskar wani zuwa ta wani sai an wanke shi sosai.

Almajirin Nahawu: Bayanin ya fita, ba ni da ja a kansa. Amma in akwai jerin kalmomi a ƙarshen littafin, ina roƙon a sa "makumfaci" kusa da "burushin kumfa", ko da da ƙananan haruffa ne.

Mai Fassara: Akwai jerin, Malam, zan sa ta in rubuta cewa shawara ce. Ko za ta tsira daga hannun mai tace littafin, wannan ba a hannuna yake ba.